Yanka Talatin da Shida

Tun jajibere Goggo Dudu ta shigo daga Kwadon
da kindirmo mai kauri, wanda ludayi ke tsayawa a ciki.
Na juye shi a farin ƙyalle, na ɗaure bakin,
na rataye a ƙusar bayan ƙofar kicin.
Kwana ya yi yana ɗiga,
ɗis, ɗis, a kwanon ƙasa,
ruwan ƙarshen damina na amsa masa a kwanon sama.

Da asuba ya zama cuku,
ko dai ƙanin cuku, wanda bai je makaranta ba.

Yau ɗaya ga Oktoba. Jekadafari shiru,
ba ƙarar ƙararrawa, ba takalman 'yan firamare.
Lantana ta sa biskit a turmi
tana daka shi kamar ya yi mata laifi.
Man shanu ya narke, muka kwaɓa,
muka daɓe gindin faranti da ƙasan kofi,
yadda kakata ke daɓe ɗaki.
Harsashi ke nan, na ce mata.
In ya yi sako-sako, duk abin da ke sama ƙarya ne.

Ƙwai uku. Sukari gwangwani ɗaya, ban cika ba,
kin san kuɗinsa.
Lemun tsami rabi, bawonsa kankararre.
Ina cikin bugawa aka ɗauke wuta,
ba wanda ya ko ɗaga kai.
Na zuba yashi a tsohuwar tukunya,
garwashi a ƙasa, garwashi a murfi,
na ce, gasu a hankali, ba inda za mu.

Sai ɗinya.
Wadda muka saya a bakin Tashar Dukku,
baƙa wuluk, tana sheƙi kamar idon ɗan akuya.
Na dafa ta, na murje ƙwallon,
ta bar mini lalle a yatsu wanda ban biya ba.
Lantana ta turo baki:
tuta kore ce da fari, Inna, ina baƙi ya fito?
Na ce, ɗaga hannunki ki duba
wa ke riƙe da tutar.
Ta duba. Ta yi dariya, ba ta yarda duka ba,
ta tsinko na'ana'a a bakin rijiya
ta jera gefe da gefe, don hankalinta ya kwanta.

Sanyi muka ara wajen Barau mai ƙanƙara,
awa huɗu a ƙasan firjinsa, tsakanin kunun aya da zoɓo,
da alkawarin yanka ɗaya.

Da la'asar Baffa Jatau ya jawo kujerarsa.
Shekararsa ɗaya da ƙasar nan,
haƙoransa bakwai, fanshonsa na hanya.
Ya ce, a yanka talatin da shida,
kowace jiha da rabonta.
Na ce, Baffa, farantin ƙarami ne.
Ya ce, haka kullum ake cewa.

Na tsoma wuƙa a ruwan zafi, na goge,
na ja layi shida, na gitta shida,
hannuna na rawa a kan iyaka.
Wani yanki ya fi wani ɗinya,
na kusurwa ya ɗan ƙone,
na tsakiya bai gama daskarewa ba.
Lantana na ƙirgawa da suna,
ta manta biyu, ta koma farko.
Ta tattara ɓurɓushin da yatsa
ta ce wannan Abuja ce, ta lashe.

Baffa ya ɗauki Gombe, ƙarama, mai tsagewa a gefe.
Ya daɗe yana juya ta a baki, ido rufe.
Akwai tsami, in ji shi.
Na yi shiru.
Akwai zaƙi kuma, sai an jira.

Ya miƙo faranti.
Ba ni Bauchi, maƙwabta ne, ba za su ji haushi ba.